Ƙaramar Tukunya a Setubal

Babbar tukunyar tana saman kabad,
bakinta a kife, kamar mai fushi da mu.
Shekara talatin da ɗaya tana ciyar da baki bakwai,
yanzu gizo-gizo ne ke haya a cikinta,
ko kuɗin wata ba ya biya.

Na sayo ƙarama a kasuwar Livramento,
mai hannu ɗaya, murfinta bai fi tafi ba.
Mai sayarwa ta ce, "Ta 'yan makaranta ce, Dona Graciete."
Na ce, "To, ai makarantar na koma."

Don hannuna bai iya lissafi ba.
Kai ya san mu biyu ne,
hannu kuwa sai ya ɗebi shinkafa
har da rabon Telmo da ke Luksambog,
da na Ondina, wadda ba ta cin albasa,
da na tagwaye,
da na auta, mai cewa ya ƙoshi
sannan ya lallaɓo da dare yana kankarar ƙanzo.
Sai in tsaya in mayar da rabi cikin gwangwani,
tana zuba kamar yayyafi a kan rufin kwano.

Amilkar ya dawo daga bakin teku
da kifi huɗu a naɗe cikin takarda.
Huɗu! Mutumin da kan shigo da kwando
yana warin gishiri da man jirgi.
Biyu naka, biyu nawa.
Ya ce ɗaya ya ishe shi, likita ya hana.
Ya ci biyu da rabi.

Dankali uku, don na ukun ne ke kawo hira.
Man zaitun cokali guda, an daina kwarara.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙwai.
Takardar mahaifiyata ta ce gwaiduwa shida
ga shinkafa da madara ta ranar Lahadi.
Na raba shida, na sake rabawa,
na tsaya a ɗaya da rabi.
Wa ya taɓa ganin rabin gwaiduwa?
Na sa biyu. Allah ya jiƙan mama, ba za ta ji ba.

Madara kofi ɗaya da ɗan ƙari,
bawon lemun tsami tsawon yatsa,
sukari, sai wutar da ba ta fi numfashi ba.
Ƙaramar tukunya ba ta da haƙuri.
Babba takan yafe miki minti biyar,
wannan ko gaisuwar maƙwabciya ta taga
sai ta kama a gindi.

Kwano biyu. Mai ɓallen baki nawa ne.
Na ɗebi garin kirfa tsakanin yatsu
na zana harafi a kan kowanne.
Da, bakwai nake jerawa a babban faranti,
yara na rigimar wanda ya taɓa sunan wani.
Yau A, sai G.
Hannu ya yi rawa, G ta fito kamar ƙugiya.
Ya duba, ya ce, "Daidai ne. Da ita aka kama ni."

Muka ci a bakin taga,
jirgin ruwan Troya yana ƙetarewa da fitilunsa.
Babu saura, babu abin rufewa a firji.
Wanke-wanke ya ƙare tun ruwan bai huce ba:
cokali biyu, kwano biyu, tukunya.
Na daɗe ina goge ta
don hannu ya sami abin yi.

A watan Agusta za su zo,
da jikoki masu Faransanci a baki.
Amilkar zai hau kujera, ni ina riƙe da ƙafarsa,
ya sauko da babba, mu ba gizo-gizo notis.
Kafin nan dai, gobe Litinin.
Ga rabin albasa can a kife kan faranti,
ga kuma farin ƙwai biyu a kofi,
ban san me zan yi da su ba tukuna.